Afate Gnikou: Matashin Togo da ya haɗa na'urar ƙera kaya daga bola, da darasin da ke ciki ga matasan Filinge

A Filinge, ba sai babban ƙarfe ya karye ba ne injin ban-ruwa ko injin niƙa ke tsayawa. Sau da yawa wata 'yar roba ce da ba ta cika tafin hannu ba: murfi, ko mahaɗin tiyo, ko wani ɗan haƙori da ke juya wani. Idan ta fashe kuma babu irinta a kasuwar gari, sai a jira mai zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 180 ta hanyar Baleyara. Idan Yamai ma babu, sai a kira ɗan'uwa a Kano ko Lome a ce ya duba. Kafin ta iso, mai lambu a kwarin Dallol Boso ya yi asarar kwanakin ban-ruwa, mai injin niƙa kuma ya rasa masu kawo masa hatsi.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyaka da Jamhuriyar Benin, lamarin ya ƙara tsananta. Kayan da a da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano sun koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayarin manyan motoci da rakiyar sojoji. Hanya ta yi tsawo, kuɗin dako ya ƙaru, farashin kayan gyara ya bi su.

A wannan birni na Lome da kayanmu ke sauka, shekaru fiye da goma da suka wuce, wani matashi ya haɗa na'urar da ke iya ƙera irin waɗannan ƙananan kayayyaki a kan tebur. Akasarin kayan da ya haɗa ta da su kuwa daga juji ya tsinto su. Sunansa Kodjo Afate Gnikou.

Wace irin na'ura ce?

Ana kiranta firintar 3D. Firintar da aka saba gani a ofis tana zuba tawada ne a kan takarda. Ita wannan tana fitar da abu ne mai tsawo da faɗi da kauri, wanda za ka ɗauka ka riƙe a hannu.

Duk wanda ya taɓa kallon yadda ake gina rumbun laka a ƙauye ya riga ya fahimci yadda take aiki. Magini yana ɗora laka zobe a kan zobe, daga ƙasa zuwa sama, har rumbu ya tashi. Haka na'urar ke yi, sai dai ita da narkakkiyar roba take gini. Ana saka mata zaren roba da aka naɗe a faifai, wanda kaurinsa yawanci milimita 1.75 ne. Zaren na shiga wani kai mai zafin da ya kai wajen digiri 200, ya narke, ya fito ta wani ɗan bututu mai faɗin milimita 0.4. Ƙananan motoci na lantarki ne ke jan kan zuwa dama da hagu, gaba da baya, da sama, bisa umarnin zanen da aka yi a kwamfuta. Kowane shimfiɗi kaurinsa kusan milimita 0.2 ne, wato sai an jera biyar ake samun milimita ɗaya. Ƙaramin abu na iya ɗaukar rabin sa'a, babba kuma ya kwana ana yi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Scott Crump ne ya ƙirƙiro ta, ya nemi rajistar mallaka a 1989, ya kuma kafa kamfanin Stratasys tare da matarsa. Shekaru ashirin na'urorin suna hannun manyan masana'antu, saboda kuɗinsu ya kai dubban daloli. Abubuwa biyu ne suka sauya wannan. A 2005, wani malami a Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya fara wani shiri mai suna RepRap, da nufin haɗa na'urar da za ta iya ƙera yawancin sassan jikinta, ya kuma saki zanenta kyauta ga duk mai so. Sannan a 2009 wa'adin rajistar Crump ya ƙare, ƙofa ta buɗe wa kowa.

Cikin matasan da suka rungumi shirin RepRap akwai Josef Prusa, ɗan Jamhuriyar Cek da aka haifa a 1990. Ya sauƙaƙa zanen na'urar, ya fitar da samfurin da ake kira Prusa Mendel. Wannan samfurin ne ya isa Lome.

Daga karatun labarin ƙasa zuwa juji

Afate Gnikou bai karanci injiniyanci ba. Ilimin labarin ƙasa ya karanta. Abin da ya sauya masa alƙibla shi ne wata cibiya mai suna WoeLab, wadda wani masanin zanen gine-gine ɗan Togo, Sename Koffi Agbodjinou, ya buɗe a Lome a 2012. Kalmar "woe" a harshen Ewe na nufin "yi shi". Wuri ne da matasan unguwa ke shiga kyauta, su yi amfani da kayan aiki tare, wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba.

A shekarar da aka buɗe cibiyar, an kawo Prusa Mendel daga Turai aka haɗa ta a wani taron horaswa. Afate na cikin waɗanda suka gani. Abin da ya dame shi shi ne kusan kowane sashe nata sai an yi odarsa daga waje. Idan haka ne, ko da zanen kyauta ne, na'urar za ta ci gaba da zama ta masu kuɗin waje a aljihu.

Sai ya duba abin da ke kewaye da shi. Lome na da tashar jiragen ruwa, kuma kamar Akra da Legas, tsofaffin kwamfutoci da firintoci na Turai na sauka a nan da sunan kayan gwanjo. Da yawansu ba sa jimawa suke mutuwa, su ƙare a juji. Amma matacciyar firintar ofis ba duka take mutuwa ba. A cikinta akwai ƙananan motocin da ke tafiya taki-taki daidai gwargwado, akwai sandunan ƙarfe masu santsi, akwai bel da wayoyi. Waɗannan su ne ainihin abin da firintar 3D ke buƙata domin motsa kanta. Akwatin ƙarfen tsohuwar kwamfutar tebur kuma zai iya zama gangar jiki.

Afate ya shafe watanni yana yawo wuraren 'yan gwangwan, yana kwance injuna, yana gwadawa, yana sakewa. A 2013, yana da shekara 33, ya fito da na'urar da aka raɗa wa suna W.Afate: harafin farko na WoeLab, sauran kuma sunansa. Ba kome ne ya fito daga juji ba, domin akwai sassan da dole aka saya sabbi, kamar allon lantarkin da ke sarrafa ta. Duk da haka, kuɗin da aka kashe wajen haɗa ta bai wuce kusan dala 100 ba, wato wajen jika 50 na sefa a canjin wancan lokaci.

Yadda duniya ta ji labari

Domin kammala aikin, 'yan WoeLab sun nemi gudummawar jama'a ta intanet a dandalin Ulule na Faransa a 2013. Sun tara fiye da yuro 4,000, wanda ya haura sefa miliyan 2 da rabi, sama da abin da suka nema tun farko.

A shekarar ce kuma suka shiga gasar da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ke shiryawa wa masu ƙirƙira a faɗin duniya. Shawarar da suka gabatar ta ja hankali: maimakon a riƙa jibge tarkacen lantarki a ƙasashen Afirka, me zai hana a mayar da shi na'urorin da za su ƙera kayan aiki a duniyar Mars? Akwai zolaya a cikin shawarar, akwai kuma tuhuma ga ƙasashen da ke turo mana sharar tasu.

A watan Yulin 2014, a babban taron cibiyoyin ƙere-ƙere na duniya karo na goma da aka yi a birnin Barselona na Sifaniya, W.Afate ta zo ta ɗaya a gasar ƙirƙire-ƙirƙire. Manyan kafofin yaɗa labarai suka ɗauki labarin, hoton Afate a gefen na'urarsa ya zagaya duniya.

Wasu sun bi sawu. A Nairobi ta Kenya, Roy Ombatti ya kafa kamfanin AB3D mai haɗa irin waɗannan na'urori daga tarkacen lantarki. A Darussalam ta Tanzaniya ma matasan cibiyar Buni sun haɗa tasu. Albarkatun wannan sana'a kuwa ba su da ranar ƙarewa: rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen lantarki a shekarar 2022 kaɗai, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sake sarrafawa ta hanyar da ta dace.

Suna ya fito, masana'anta ba ta tashi ba

Nan ne labarin ke buƙatar a faɗi gaskiya. W.Afate ta samu lambar yabo, amma ba ta zama babbar masana'antar da ke sayar da dubban na'urori ba.

Dalili na farko yana cikin juji kansa. Tarkace ba ya zuwa iri ɗaya. Motar da aka ciro daga wannan firinta daban take da ta waccan, don haka kowace na'ura sai an zauna an daidaita ta ita kaɗai. Abin da ake haɗawa ɗaya bayan ɗaya ba ya saurin yawaita, kuma gyaransa sai wanda ya haɗa shi.

Dalili na biyu ya fito ne daga Sin. Kamfanonin birnin Shenzhen sun ɗauki zanen RepRap da aka saki kyauta suka shiga ƙera na'urori masu arha. A 2018 kamfanin Creality ya fitar da Ender 3 a kan kusan dala 200, sabuwa fil a kwali. Ratar da ke tsakanin na'urar juji da sabuwa ta ragu ƙwarai.

Idan aka duba yadda takwarorinsa na wasu ƙasashe suka ƙare, za a ga bambancin muhalli. A Amurka, Bre Pettis, wanda tsohon malamin makaranta ne, ya kafa MakerBot da abokansa biyu a unguwar Brooklyn ta New York a 2009. Sun fara ne da zane a buɗe ga kowa, suka samu jarin miliyoyin daloli, a 2012 suka rufe zanen sabuwar na'urarsu, abin da ya fusata da yawa daga magoya bayansu na farko. A 2013, shekarar da Afate ke neman yuro dubu huɗu, Stratasys ya sayi MakerBot a kan hannun jarin da ya kai kusan dala miliyan 400. Shi kuwa Josef Prusa ya kafa kamfaninsa a birnin Prag a 2012, wanda yanzu ke da ɗaruruwan ma'aikata yana aika na'urori ƙasashen duniya.

Dukansu uku daga rijiya ɗaya suka sha, wato zanen Adrian Bowyer. Biyu sun tarar da masu zuba jari, da wutar da ba ta ɗaukewa, da gidan waya mai kai kaya ƙofar gida. Na ukun ya tarar da juji da basirarsa. Abin da ya tabbatar shi ne matashin Afirka ta Yamma na iya fahimtar na'urar har ya sake gina ta da abin da ke gabansa, kuma wannan ilimin ba ya shigowa cikin kwantena.

Inda aka ga amfaninta

Ba kayan wasa kaɗai na'urar ke yi ba. Amfaninta ya fi fitowa a wuraren da hanya ta yanke ko kaya suka yi nisa.

A 2013, wani Ba'amurke mai suna Mick Ebeling ya kai firintocin 3D yankin tsaunukan Nuba na Sudan, inda aka ƙera hannun roba ga wani yaro da bam ya yanke wa hannaye biyu, aka kuma koya wa mutanen wurin yadda za su ci gaba da yi. A Haiti, ƙungiyar agaji ta Field Ready ta riƙa ƙera abin matse cibiyar jarirai a asibitocin da ya ƙare musu, bayan girgizar ƙasar Nepal ta 2015 kuma ta ƙera mahaɗan bututun ruwa a sansanonin waɗanda suka rasa matsuguni. A watan Maris na 2020, lokacin da cutar korona ta mamaye arewacin Italiya, wani ƙaramin kamfani a Brescia mai suna Isinnova ya ƙera bawul na na'urar numfashi ga asibitin da nasa suka ƙare. Hatta tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa an kai mata firintar a 2014, aka aika zanen sifana daga ƙasa, 'yan sama jannati suka buga ta a can.

Abu ɗaya ne ya haɗa waɗannan misalai. Zane ne ke tafiya, ba kaya ba. Zane kuwa fayil ne da ake iya turawa ta WhatsApp.

Me Filinge za ta ɗauka?

Ƙasar Kurfai ba baƙuwar ƙira ba ce. Akwai maƙera da masu walda da makanikai a garin, kamar yadda kasuwar Katako ta Yamai ta shahara da masu narka tsohon sanholo su zuba tukwane, haka ma Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Mai zuba tukunya a yashi ya riga ya san aikin samfuri. Firintar 3D na iya fitar masa da samfurin roba daidai awo, ya danna a yashi ya zuba ƙarfe. Ta nan tsohuwar sana'a da sabuwa za su haɗu, ba tare da ɗaya ta kori ɗaya ba.

Kasuwar ma a bayyane take: masu lambu a Dallol, masu injin niƙa, masu gyaran waya da fanka da firji, masu haɗa sola, cibiyoyin lafiya na karkara, da makarantun da ke koyar da kimiyya ba tare da kayan gwaji ba. Akwai kuma cibiyar kiwon shanun Azawak ta Tukunus da ke arewa da garin, da masu sarrafa madara da cuku a kewayenta, waɗanda su ma ke da ƙananan kayan aikin da ke lalacewa.

Sai dai duk mai son shiga wannan harka ya san ƙalubale huɗu tun kafin ya kashe ko dala.

Na farko wuta. Kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa kafin a yanke shi a watan Agustan 2023, kuma kowa ya ga halin da aka shiga. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin sa'a biyar, aikin na iya lalacewa. Abin farin ciki, ƙaramar firinta ba ta cin wuta kamar injin walda. Farantan sola kaɗan da batir mai kyau na iya riƙe ta.

Na biyu zafi da ƙura. Robar da aka fi amfani da ita, PLA, wadda ake yi daga sitacin masara ko rake, tana fara laushi a wajen digiri 60. A watan Afrilu, abin da aka bari cikin mota ko a rana kan kwano zai iya lanƙwashewa. Kayan da za su zauna a waje sai an yi su da roba mai jure zafi irin su PETG ko ABS. Ƙurar hunturu kuma na toshe bututu tana cinye sanduna, don haka na'urar na son ɗaki a rufe.

Na uku zaren robar kansa, wanda har yanzu shigo da shi ake yi. Akwai masu gwada yin sa daga robobin ruwan sha da aka zubar, amma samun kauri iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe aiki ne mai wuya.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne iya zane. Na'ura ba ta san abin da ya karye ba. Sai mutum ya ɗauki fasasshiyar robar, ya auna ta da ma'aunin milimita, ya zana ta a kwamfuta. Manhajoji irin su FreeCAD da Tinkercad kyauta ne, amma koyonsu na buƙatar watanni na zama da haƙuri. Ya kamata kuma a san iyakarta: ba ta maye gurbin ƙarfen cikin inji, bai kuma dace a ƙera abin da rai ya rataya a kansa ba, kamar sashen birki, ba tare da gwajin masana ba.

Rawar 'yan ci-rani

Kurfayawa sun daɗe da sanin hanyar Kumasi da Akra da Abijan da Lome. Kuɗin da suke aikowa gida yawanci na tafiya ne a abinci, da biki, da gini, da babur. Ƙaramar firinta sabuwa ba ta kai kuɗin babur ba. Idan ƙungiyar 'yan gari da ke zaune a waje ta haɗa hannu ta sayi ɗaya ko biyu, da tsohuwar kwamfuta da sola, ta damƙa wa cibiyar koyon sana'a ko wani amintaccen mai gyara, ta kuma ɗauki nauyin horas da matasa biyu ko uku, an kafa abin da WoeLab ta fara da shi. A Yamai akwai cibiyar CIPMEN da ke rainon ƙananan kamfanoni tun 2014, wadda matashi mai irin wannan shiri zai iya tuntuɓa. Ɗalibin da ke karatu a Maroko ko Turkiyya ma na iya zana abu da dare ya turo, a buga shi a Filinge da safe.

Nijar ta riga ta ga irin wannan tafarki a wani fanni. Abdou Maman Kane ya ƙirƙiro tsarin da manomi ke kunna ban-ruwan lambunsa daga nesa ta wayar salula, ya kafa kamfanin Tech-Innov a kansa. Shi ma daga matsalar da ke gabansa ya fara.

Afate Gnikou bai zama attajiri irin na MakerBot ba. Amma kafin 2013, mutane ƙalilan ne za su yarda cewa za a iya haɗa firintar 3D a wata unguwa ta Lome da kayan da aka ciro daga shara. Yau tambayar da ta rage wa garuruwa irin Filinge ta fi sauƙi: wa zai zauna ya koyi awo da zane, kuma wa zai saya masa na'urar farko? Har sai an samu amsa, mai lambun da robar injinsa ta fashe zai ci gaba da jiran motar Yamai.